Har Bakin Tasha

Malama ta jawo ƙofar ɗakin a hankali, ta tsaya ta kasa kunne. Numfashin mai gidanta kawai take ji, mai nauyi, yadda ya koma tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi. Autarsu, wadda ta zo taya ta jinya, ta ɗago kai daga kujerar da ta kwana a kai.

"Inna, ki tafi kawai. Likita ya ce in ba kya taka ƙafa, ke za mu kwantar nan gaba."

"Allah ya sawwaƙe, wannan baki naki! In ya farka, kar ki ba shi ruwa yana kwance."

Gari bai gama wayewa ba. Iska mai sanyi ta shafi fuskarta, ƙamshin gidan burodi ya cika layin. Ta wuce shagon da mijinta ya tsufa a ciki yana gyaran agogo. Yanzu wayoyi ake sayarwa, amma ƙusar da yake rataye hularsa tana nan a jikin ƙofa.

Da suna sabon aure, ta wannan hanyar yake raka ta tashar mota kullum za ta tafi koyarwa. Shi ke riƙe mata jaka, yana mita.

"Malama, agogonki gudu yake kamar mai shi. Ki bar ni in numfasa mana!"

Yau ba ta juya a kwanar da ta saba juyawa ba. Ƙafafunta suka yi ta janta har bakin tasha. Motar da ke zuwa garin da yayarta take na tsaye, injin a kunne. Direban ya leƙo ta taga.

"Mama, akwai wuri a gaba. Za ki?"

Ba ta san lokacin da hannunta ya kama ƙofar ba. A gidan yayarta ba ɗaga mara lafiya, ba wankin zanen gado, ba mai kiranta da muryar da sai ta sunkuya kafin ta gane. Barci kawai za ta yi, irin wanda ta manta daɗinsa. Zuciyarta ta yi ta bugawa.

Sai idonta ya faɗa kan bencin siminti da ke ƙarƙashin rumfa. A nan yake jiran dawowarta duk ranar da aka yi ruwa, da lema a hannu, shi kansa ya jiƙe sharkaf. Ko sau ɗaya bai taɓa ce mata ta daɗe ba.

Ta saki ƙofar. "Ku je, ɗana. Allah ya kiyaye hanya."

Ta zauna a bencin har motar ta ɓace. Ba ta yi kuka ba. Ta dai ji ƙirjinta ya saki, ta furta alhamdulillahi a hankali, sannan ta miƙe ta kama hanyar gida.

Ta tarar da shi a jingine da matashi, Auta na goge masa baki.

"Yau kin daɗe, Inna. Tun ɗazu idon Baba na kan ƙofa."

Malama ta zauna a gefen gadon. Ya motsa leɓe da ƙyar.

"Har ina?"

"Har tasha."

Ya daɗe yana kallonta. Ta san ya fahimci abin da ba ta faɗa ba. Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗan ɗaga.

"Motar ta cika ne?"

Dariya ta ƙwace mata, ta kamo hannunsa ta riƙe.

"Akwai wuri, har a gaba. Auta, miƙo min kofin nan, ni zan ba shi shayin."