Roƙon da Ya Riƙe Yaya Ioteba a Teku

Aikina a jirgin sintiri ba shi da yawa. In an hango jirgin masunta, manya su yi magana da shi ta rediyo, sai a sauke ƙaramin kwalekwalen roba mai inji, ni in kai masu bincike, in jira su gama, in dawo da su. Karatuna bai wuce firamare ba. An ɗauke ni ne don tun muna yara a tsibirinmu na Nonouti, ni da yayana Ioteba, ba mu da wasan da ya wuce kwance injin kwalekwale da mayar da shi.

Yaya Ioteba kuwa, a lokacin da nake ba da labari, mun riga mun yi makokinsa. Ya fita kamun kifin tuna shi kaɗai da safe, kamar yadda ya saba, bai dawo ba. An nema har aka gaji. Da watanni suka shuɗe Fada, limamin cocinmu, ya yi masa addu'a, dangi suka taru a maneaba, zauren taron garinmu, aka ci abinci aka watse. Ni na koma Betio, inda tashar jiragenmu take, bakin aikina.

A wannan fita mun wuce iyakar ruwanmu, mun shiga ruwan da ba na kowa ba. A can ba a kama jirgi. Gwamnatoci sun dai yarda a tsakaninsu cewa a iya hawa a duba, in an ga laifi a kai ƙara ga ƙasar da jirgin ke ɗauke da tutarta. Tare da mu akwai Nei Tiebane, wato Malama Tiebane a harshenmu, jami'ar ma'aikatar kifi, mace marar yawan magana, wadda ta daɗe tana bin sawun wani jirgin mamari, irin mai kamun kifi da doguwar igiya mai ɗimbin ƙugiyoyi. Ta ce yakan kashe na'urar da ke nuna inda yake, ya ɓace, sai ya sake ɓullowa da ɗakin sanyi cike. Tana zargin yana satar shiga ruwanmu, can ɓangaren da gwamnati ta rufe don kifi ya samu ya hayayyafa. Abin da ta rasa shi ne shaida.

Da hantsi muka riske shi. Tsatsa ta cinye gefensa, ƙarninsa kuma ya riga shi isowa gare mu. Na ɗauki Nei Tiebane da Saje Kirata a kwalekwale.

"Tabera, a hankali," in ji Saje. "In ka jiƙa min wandon nan kamar na rannan, kai za ka wanke, ka kuma goge."

"Yallaɓai, ruwan ne ba ya jin magana."

"To gado ya yi. Kai da shi duk ɗaya."

Na matsa jikin jirgin. Ma'aikatansa sun jeru a sama suna leƙenmu, kowa ya naɗe fuska da tsumma saboda rana. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuyo ya jefo min igiya da hannun hagu, ya ce da harshenmu, "Kama da kyau, kar ta zame maka."

Ban kama ba. Igiyar ta faɗa ruwa ina kallonta.

"Kai, barci kake?" in ji Saje.

Mutumin ya janye igiyar, ya sake naɗe ta, sai ya tsaya yana dubana. Ya sa yatsa ya sauke tsumman fuskarsa. Ya rame, gemu ya rufe masa haɓa, leɓensa duk ya tsage. Amma haƙorin nan na gaba da ya ɓalle tun ranar da ya faɗo daga kan kwakwa yana nan yadda na san shi.

"Tabera," ya ce. "Ashe kai ne. Ka yi ƙiba."

Ba a yarda in bar kwalekwale ba, doka ce. Ban san lokacin da na ɗaure shi na hau tsanin igiya ba, har na riga Saje. Da na isa sama ban rungume shi ba. Hannunsa na kama na matsa, na sake matsawa, ina neman in ji ƙashi a ciki. Sannan na zauna a kan wani kwandon ƙugiyoyi.

Saje ya hawo yana shirin yi min faɗa. Na ce, "Yallaɓai, yayana ne. Wanda ya rasu."

Saje ya dube shi, ya dube ni, ya yi alamar gicciye.

Yaya ya tsuguna a gabana ya ba ni labari a taƙaice, kamar wanda ke faɗin abin da ya samu wani. Injinsa ne ya mutu, igiyar ruwa ta ja shi. Ya rayu da ruwan sama da ɗanyen kifi har ya daina ƙirga kwanaki. Ranar da jirgin nan ya tsince shi ba ya iya ɗaga kai. Kyaftin ɗin da kansa ya riƙa ɗura masa ruwan shinkafa da cokali, ya kwantar da shi a ɗakinsa har ya miƙe. Tun daga nan yake taya su jan mamari.

"Yaya Inna?" ya ce. "Ta samu saƙona dai ko?"

"Wane saƙo?"

"Na rediyo. Kyaftin ya ce ya aika tun a makon farko, cewa ina nan lafiya, sai jirgi ya shiga tasha zan dawo."

Na ce, "Yaya, ba wanda ya aiko da komai. An yi maka addu'a a coci. An yanka alade."

Can ya ce, "Wane aladen?"

"Babban. Mai baƙin kunne."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ina jin sai a nan maganar ta shige shi, don ya san ba a taɓa wannan alade sai da babban dalili. Ya zauna daɓas a ƙasa, cikin ruwan jinin kifi, bai ma lura ba.

Nei Tiebane ta gama jin komai daga inda take tsaye. Ta matso ta durƙusa daidai da shi. Ta ce, "Ɗan'uwa, barka da arziki. Abu ɗaya zan tambaye ka. A ina suka tsince ka? Kana ganin wani tsibiri? Suna jan mamari a lokacin?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Ba zan iya faɗa ba, Nei."

"Ba ka sani ba ne?"

"Na sani. Ya yi min bubuti ne."

A wurinmu roƙo iri-iri ne, amma in mutum ya dube ka ya ce bubuti yake yi maka, magana ta ƙare. Ko rigar jikinka ce sai ka tuɓe, ko kwalekwalenka ne sai ka miƙa, kai ma wata rana ka je ƙofarsa. Wanda ya ƙi, da shi da zuriyarsa ba sa ƙara ɗaga kai a maneaba. Amma abu ne na tsakaninmu. Ban taɓa jin baƙo ya yi wa ɗan ƙasa ba.

"Shi wannan ɗin?" in ji Saje, yana nuna ɗakin tuƙi da haɓa. "A ina ya san bubuti?"

"Ya yi shekaru yana sauke kifi a Betio. Yana jin harshenmu. Abu biyu ya roƙa: in zauna har jirgi ya shiga tasha, kuma kar in gaya wa kowa inda ya same ni."

"Ka san yaushe irin wannan jirgi ke shiga tasha?" in ji Nei Tiebane. "A tsakiyar teku wani jirgi ke zuwa ya kwashe musu kifi ya ba su mai. Sai ka yi furfura a nan."

Ta miƙe ta ja Saje gefe, amma ina jin su. Ta ce a wannan ruwa ba mu da ikon sauke mutum daga jirgin wani sai in shi da bakinsa ya ce zai tafi, a gaban kyaftin. In ya yi shiru, haka za mu juya mu bar shi.

Na dubi rana, na dubi jirginmu can nesa yana jira. Na ce, "Yaya, mutumin nan ƙarya ya yi maka."

"Ƙaryarsa tasa ce. Ni na riga na amsa."

"Ai ba ɗan ƙasa ba ne. Ba ya cikin wannan."

"Lokacin da yake ɗura min ruwa a baki bai tambayi ko ni ɗan ina ba ne."

Ban so in gaya masa sauran ba, na so ya ji a gida bayan ya huta. Amma ba ni da wata dabara. Na ce, "Inna ta daina cin kifi."

Ya ɗago kai.

"Tun ranar addu'a. Ta ce ba za ta ci abin da ya ci ɗanta ba. Gwaza take ci da kwakwa, shinkafa in jirgin kaya ya zo. An yi rarrashi, Fada ma ya je, ta ƙi. Zoben hannunta yanzu a wuya take rataya shi, don ya daina zama a yatsa."

A tsibirinmu wanda ya bar kifi, kowa ya san abin da ya rage masa. Yaya ya rufe fuska da tafukansa. Sai a lokacin na ga yadda ƙugiya ta yayyanka masa yatsu, tsoho a kan sabo.

Ya miƙe. Bai ce mu biyo shi ba, muka bi shi har ƙofar ɗakin tuƙi. Kyaftin ɗin gajere ne, ya manyanta, yana sanye da silifas da rigar sanyi mai huji a gwiwar hannu. Na yi zaton zan ga mugu. Wani tsoho na gani mai jajayen idanu, wanda da ya ga Yaya sai da ya fara duban ƙafarsa, ya ce da gurɓataccen harshenmu, "Ciwon ya warke?"

"Ya warke, Baba," in ji Yaya. Ya tsaya da hannuwa a baya kamar mai magana a gaban dattawa. "Wannan ƙanena ne. Ya ce saƙo bai isa ba."

Tsohon ya kawar da ido ya dubi teku.

"Ban zo ƙorafi ba. Ka yi min bubuti na amsa. Yau ni na zo da nawa. Bubuti nake yi maka, ka sake ni in je in ga mahaifiyata."

Ina jin ƙarar inji a ƙarƙashin ƙafata, da kukan tsuntsayen da ke bin jirgin. Kyaftin ya dubi kakin Saje, ya dubi Nei Tiebane. Ban sani ba ko al'adar ce ta kama shi, ko idanunsu. Ya ɗaga yatsu biyu, ya naɗe ɗaya, ya bar ɗayan a tsaye yana duban Yaya.

"Wannan yana nan, ba zan faɗi inda ka same ni ba," in ji Yaya.

"To je ka."

Nei Tiebane ta yi ajiyar zuciya mai ƙarfi. Ta ci gaba da aikinta duk da haka. Ta shiga ɗakin sanyi, ta duba ƙugiyoyi, ta ɗauki hotuna, ta ce na'urar nan a kunna ta a gabanta. Kyaftin ya ce lalacewa take yi lokaci-lokaci. Ba ta samu abin da za ta riƙe ba. Yaya kuwa ba shi da kayan da zai haɗa. Wani ma'aikaci ya cire hularsa ya ɗora masa, wani ya cusa masa taba a aljihu, suka bi shi da ido har ya sauka.

A kwalekwale na zaunar da shi kusa da ni, gwiwarsa tana taɓa tawa. Na kasa tayar da inji a jan farko da na biyu.

"Ba ka buɗe mai ba," in ji Yaya.

"Ka ji," in ji Saje. "Matacce ma ya fi ka iya aiki."

Ba wanda ya yi dariya sosai. Muka tashi. A bayanmu har sun koma jan mamari, ina hango tuna tana walƙiya suna ɗaga ta sama.

Nei Tiebane tana zaune a gaba, ta juyo ta fuskanci Yaya. Ta ce, "Ka san abin da kake rufa masa? Kifin nan ne ya yi ƙaranci har ya sa irinka ke yin nisa da ƙaramin kwalekwale. Kalma ɗaya daga bakinka, a hana shi wannan ruwa gaba ɗaya."

"Na sani, Nei. Ki yi haƙuri."

Ta zuba masa ido. Sai na ga ta gyara zama, ta haɗa hannuwa a cinya, ta ɗan sunkuyo, yadda mutum ke yi in zai yi babban roƙo. Ita ma 'yar ƙasa ce, kalmar tana bakinta kamar yadda take a bakin kowa, kuma in ta furta ban san yadda Yaya zai yi da guda biyu masu karo da juna ba. Shi ma ya gani. Ya daina motsi, ya riƙe gefen kwalekwale.

Leɓenta ya buɗe. Ta dubi yatsunsa, ta daɗe tana dubansu.

"Tabera," ta ce, "ƙara wuta. A samu a kira Nonouti kafin mai rediyonsu ya tafi cin abinci."

Na ƙara.