Hudar Tankin Mai

Ni mutum ne mai son aiki ya yi sheƙi, kuma son nan ne ya ja mini. Da aka kawo mana jirgin ruwa na fasinja gyara, Kawu, wanda ya koya mini aikin, ya ɗauki inji, ni na ɗauki murafan ramin kaya da tankin mai. Murafan sun ruɓe ta gefe, na sake musu katako, na goge har tafina ya yi kanta. Tankin kuwa na liƙe inda yake yoyo, na bi shi da foti, ƙullun nan na toshe tsaga. A samansa na ga wata 'yar huda kamar ta allura. Na ce ai tsatsa ce, na danna mata foti, na shafe da shuɗin fenti. Kowa ya zo sai ya ce tubarkalla, ni kuwa sai hura hanci nake.

Kwana biyu da komawar jirgi ruwa, inji ya mutu a tsakiyar kogi, ga mata da yara a ciki. Da igiya aka jawo su. Mai jirgi ya zo wajen Kawu yana kumfar baki.

"Tsoho, idonka ya ƙare, ka ƙi yarda. Saura kaɗan ka kashe mini mutane."

Kawu ya shiga jirgin, ya ɗan jima, inji ya tashi. Amma magana ta riga ta zaga, ba wanda ya ƙara kawo masa aiki.

Da na je duba fentina, sai na tarar da hudar a buɗe. Ashe ta nan tanki yake shan iska, in an toshe ta mai ba ya sauka. Kawu ya koya mini haka da bakinsa, na manta. Sati guda loma ba ta wuce mini da daɗi. Wallahi na tsani kaina.

Na same shi zaune kan benci, akwatin sifanunsa a rufe.

"Kawu, ni ne. Zan je in faɗa wa mai jirgi."

Ya laluba aljihu, ya ɗora mini ɗan busasshen foti a tafi, gefe guda shuɗi.

"Na sani tun ranar. Zauna. Ni na ci zamanina, kai 'ya'yanka ba su yi wayo ba."

Ya turo mini akwatin da ƙafa, ya ce daga yau nawa ne. Na sunkuya zan ɗauka, na kasa.