Amawalin Abdulwahab

Da hantsi aka shigo da tsohon, kwance cikin bargo, maza sun kama kusurwoyin suna nishi. Lurwanu na durƙushe gaban gadon Kabiru, wani direba mai karyayyar ƙafa, yana yanke masa farce, sai ya ɗaga kai ya ga rawanin. Tun kafin ya ga mai shi ya gane shi. Baƙin turkuɗi ne mai ƙyalli, naɗin mutanen arewa, amawalin ya rufe baki da hanci, ba abin da ke waje sai idanu. Bayan bargon kuma Nuriyya ce ke tafe, gyalenta na jan ƙasa, ba ta ma sani ba.

Lurwanu mataimakin jinya ne a wani gidan likita a Mayahi. Ba ya rubuta magani, ba ya allura. Aikinsa shi ne abin da ke saura bayan Majo Hawwa, shugabar masu jinya, ta gama zagaye: ya wanke wanda bai iya wanke kansa, ya juya wanda bai iya juyawa, ya canza zanen gado, ya fita da tasar bayan gida, ya zauna da cokali gaban wanda hannu ya ƙi. Shi kaɗai ne namiji mai wannan aiki a ɗakin maza, kuma bai taɓa ƙyamar jikin kowa ba. Amma wannan da aka shimfiɗe a gadon bakin taga Malam Abdulwahab ne na Issawane, mahaifin Nuriyya, yarinyar da aka ba shi. An kai gaisuwa, an sa rana bayan kaka.

A wajen rigakafi ya fara ganinta, lokacin da aka tura su ƙauyukan arewa. Tana riƙe da ɗan yayarta, ta dube shi ta ce, "Likita, hannunka rawa yake. Ko ni zan ɗiga mishi?" Ya dawo Mayahi ranar da ciwon da ba shi cikin kowane littafin da ya karanta a lakwal, makarantar boko, bai kuma nemi maganinsa ba.

Majo ta duba tsohon ta daɗe. Sannan ta juya wajen Gado, ƙanen majinyacin, wanda shi ma tsufa ya fara ranƙwafar da shi.

"Hawan jini ne ya buge shi. Ɓarin dama ya shanye, maƙogwaro ma ya taɓu. Kada wanda ya ba shi fura ko ruwa, zai ƙware, abin shi tahi huhu. Lurwanu ne zai riƙa ba shi kunu mai kauri da cokali. Shi zai juya shi, shi zai yi mishi wanka."

Gado ya sunkuyar da kai. "Hajiya, babu wani?"

"Wani wa, Baba? Ko mace kake so ta tuɓe shi?"

Ta wuce gado na gaba. Ita 'yar Tasawa ce, ta san kunyar surukuta kamar kowa, amma ta ɗauka irin wadda yunwa ke karyawa ce.

Gidan su Abdulwahab Hausa suke yi tun kakanni, gero suke nomawa, awakinsu ma ba su fi na maƙwabta ba. Amma akwai abin da suka taho da shi daga hamada ba su ajiye ba. Namiji a cikinsu ba ya sauke amawali gaban wanda yake jin kunya. Ba ya ci, ba ya sha a gaban surukinsa. Duk zuwan da Lurwanu ya yi Issawane, bai taɓa ganin bakin mutumin nan ba. In an zuba shayi, ɗaukar nasa yake ya zaga bayan ɗaki.

Da azahar ya dama kunu, ya jira ya huce, ya kawo. Ya durƙusa nesa kaɗan da gadon ya yi gaisuwa, idonsa a ƙasa.

"Baba, sannu da jiki. Ga ɗan kunu."

Hannun hagu, mai lafiyar, ya taso a hankali ya damƙe amawalin ya ƙara jan shi sama har gindin ido. Tsohon ya juya fuska wajen taga.

"Ango, an ƙi ka," in ji Kabiru daga gadonsa. "Kawo nan, ni ba ni da ɗiya, ba ni da kunya."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Lurwanu ma ya yi murmushi don kada a ce ya ji haushi, ya ba wa Kabiru kunun.

Haka aka wuni, haka aka wayi gari. Bazara ce, irin wadda kwanon rufi ke ƙara da tsakar rana, majinyata na fifita da kwali. Aka sa wa tsohon serum, ruwan nan da ke ɗiga ta jijiya. Bai daɗe ba aka tarar ya fizge allurar, jini ya ɓata zanen. Aka mai da, ya sake fizgewa. Majo ta yi faɗa da Faransanci, ta yi da Hausa, idanun da ke saman amawalin ba su ko ƙifta ba.

Nuriyya ce ta gaya wa Lurwanu dalili. Ta same shi bakin famfo yana ɗauraye tasoshi, ta tsaya gefe kamar mai jiran layi.

"Ba zahin allura yake gudu ba," ta ce. "Ya san abin da ya shiga sai ya hita. Ya san kuma wanda zai zo da tasa."

"Baffa Gado fa?"

"Ya gwada. Hannu na mishi rawa, ko ɗaga kafaɗarshi bai iya ba. Su yaya suna Aljeriya, waya ma ba ta shiga." Ta matso kaɗan. "Lurwanu, bakinshi ya bushe. Ina jin numfashinshi ta cikin ƙyalle kamar ana jan kara a ƙasa."

Ya so ya ce mata kada ta damu. Amma ya sha ganin abin da kwanciya wuri ɗaya ke yi wa jikin tsoho. Fatar ƙugu ta fara ja, sai ta yi duhu, sai ta buɗe, kuma in ta buɗe a wannan zafi ba kasafai take rufewa ba. Duk lokacin da ya wuce gadon bakin taga yana jin warin da ya sani, yana kuma ganin yadda tsohon ke runtse ido saboda shi ma ya san an ji. Ya gwada dabaru. Ya zo ta bayan kai don kada su haɗa ido. Ya rufe nasa idon da ƙyalle ya miƙa cokali, Kabiru na cewa, "Hagu, ango, hagu, kunne za ka ba shi." Hannun nan bai saki amawalin ba.

Da safe Majo ta kira shi gefe.

"Bon. Na gaji. In bai sha ba yau, gobe mu ɗaure hannun da gado, mu cire rawanin, mu zura mishi roba ta hanci. Ba zan bari shi mutu da ƙishi ina kallo ba."

"Majo, in aka tuɓe mishi rawani da ƙarhi gaban mutane, robar ba za ta tsai da shi ba."

"To kawo naka."

Bai da nasa. Ya fita ya tarar da Gado zaune gindin bishiyar bedi yana jan tasbaha. Ya durƙusa ya gaishe shi. Gado ya ce, kamar da ƙasa yake magana:

"Yayana ba shi ƙinka, ɗana. Da ƙinka yake, da ya sha. Da kai bare ne, da tuni ya sha."

Lurwanu ya tashi da wannan magana, ya yi alwala da ita, ya yi sallar azahar da ita. A sujada ya ga gidan da ya fara ginawa a bayan kasuwa, ɗaki da rumfa, da bishiyar lemun tsamin da ya dasa saboda ta taɓa cewa tana son ƙanshin ganyensa. Ya ɗaga kai, goshinsa duk yashi, ya tafi ya dama kunu.

Ya roƙi Gado ya biyo shi ciki. Nuriyya na zaune a tabarma a baranda, ya wuce ta bai dube ta ba, don ya san in ya duba ba zai iya ba. Ya ajiye kwanon, ya durƙusa tsakanin 'yan'uwan biyu.

"Baffa, kai ne waliyyi, a hannunka aka ba ni. Ina so ka shaida, Baba ma yana ji. Maganar da ke tsakanina da gidanku, na janye ta. Ba laihin kowa. Daga yau ni ma'aikacin likita ne kawai."

Ko Kabiru bai motsa ba.

"Yaro, ka san mi kake hwaɗi?" in ji Gado. "A wajenmu wanga ba riga ba ce da za ka tuɓe yau ka mai da in ya warke. Wanda ya wanke tsiraicin mutum ba shi zama mijin ɗiyarshi. In ta hita a gabana, ta hita."

"Na sani, Baffa."

"Ka sake tunani."

"Na yi. Kunun na hucewa."

Gado ya shafa fuska da tafin hannu. Ya duƙa wajen kunnen yayansa ya ce, "Ka ji. Na shaida."

Tsohon ya juyo daga taga. Karon farko ke nan da ya dubi Lurwanu ido cikin ido, ya daɗe yana dubansa, ruwa na gangarowa daga idon daman da ba ya rufuwa sosai. Sannan yatsun suka saki. Amawalin ya zame zuwa haɓa. Ga baki ya karkace, leɓɓa sun tsage, furfura ta yi shuɗi da rinin turkuɗi. Fuskar dattijo ce kyakkyawa, kuma hancin Nuriyya ne a kanta.

Lurwanu ya ja labule ya kewaye gadon. Ya sa hannu ƙarƙashin kafaɗun ya ɗaga shi zaune, ya tokare bayan da matasai. Ya jiƙa auduga ya goge leɓɓan da cikin bakin. Ya ɗebi rabin cokali ya kai ta ɓangaren hagu.

"Sunkuyo da haɓa kaɗan, Baba. Haɗiye. Kada ka yi sauri."

Ya sa ido kan maƙogwaron har ya ga ya hau ya sauka. Ya jira, ya saurari numfashi, babu tari. Ya ƙara wani rabin. Da kwanon ya yi nisa sai ya bar shi a zaune, ya je ya kawo ruwan ɗumi da sabulu. Ya wanke shi gaɓa-gaɓa, yana buɗe wuri ɗaya yana rufe sauran da zane, kamar yadda yake wa kowa. Fatar ƙugun ta yi ja, amma ba ta buɗe ba. Ya tsane ta a hankali, ya canza shimfiɗa, ya kwantar da shi kan ɓari, ya sa matashi tsakanin gwiwoyi, ya miƙar da yatsun hannun da ya shanye ɗaya bayan ɗaya. Da Majo ta zo ta mai da serum, hannun hagu na kwance a kan ƙirji bai motsa ba. Ta dubi Lurwanu za ta yi tambaya, ta ga fuskarsa, ta fasa.

Bayan la'asar yana shanya zanen gado a igiyar bayan ɗaki, Nuriyya ta zo. Zanen na tsakaninsu, ƙafafunta kawai yake gani.

"Baffa ya gaya mini."

Ya ci gaba da miƙe zanen a kan igiyar.

"Ka tambayi Majo, ka tambayi Baffa. Ni da aka ba ka, ka ratsa ta gabana kamar tabarma."

"Da na tambaye ki, mi za ki ce?"

Iska mai zafi ta ɗaga gefen zanen ta sake shi.

"Da sai in ce ka yi," ta ce. "Amma da bakina ne ya ce. Ka hana ni ko wannan."

"Ban so ki ɗauki nauyin ba."

"To ka ɗauka kai kaɗai, jarumi. Ni kuma in ɗauki mi zuwa Issawane?" Ya ji tana jan hanci. "Ya sha da yawa?"

"Ya kusa gama kwanon. Gobe zan ƙara mishi da madara."

"Ba shi son sukari da yawa."

"To."

Ƙafafun suka juya suka tafi. Ya tsaya riƙe da igiyar har ruwan zanen ya jiƙa masa gaban riga.

Tsohon ya rayu. Sannu a hankali ya fara zama da kansa, ya fara riƙe cokali da hagu, harshen ya fara sakin kalma ɗai-ɗai. Rawanin na kansa kullum, in baƙi sun shigo yakan ja amawalin sama, in Lurwanu ne ya tunkaro sai ya sauke shi ba tare da ya ko duba ba. Kabiru bai sake cewa ango ba har aka sallame shi.

Wata safiya Lurwanu na goge ƙarfen gadon da ke kusa, ya ji murya mai nauyi a bayansa.

"Lur...wanu."

Hannunsa ya tsaya. Tun da ya san mutumin nan bai taɓa jin sunansa a bakinsa ba, domin dattijo irinsa ba ya kiran sunan mijin 'yarsa. Har zuwa wannan safiya akwai wani ɗan lungu a zuciyarsa da ke cewa wataƙila bayan kaka, wataƙila in an manta. Yanzu an kira shi kamar yadda ake kiran ɗan maƙwabta.

Ya ajiye tsumman, ya wanke hannu, ya zo bakin gadon.

"Na'am, Baba."

"Ru...wa."

Ya zuba a kofi, ya gyara masa zama, ya tallafi ƙeyarsa da tafin hannu. Ta taga yana hango Nuriyya gindin bedi tana hura gawayi, bayanta na wajensa.

"A hankali, Baba," ya ce. "Kurɓi kaɗan-kaɗan."