Madubin Baba Mai Inji

"Baba, kwata! Kwata!"

Na san ba zai ji ba, amma na ɗaga murya, ni da ko sallama na yi sai an ce in maimaita. Tayar gaba ta faɗa kwatar ƙofar gidanmu, keken ya kwanta a hankali, Iya ta zame daga kariyar bayan keken ta zauna daɓas a kan yashi. Gwangwaninta ya buɗe, maɓallai suka watse har tsakiyar titi.

Baba ya tashi ya karkaɗe wando, ya tayar da keken. Iya ta dafa bango ta miƙe, ta zagaya bayansa, ta leƙo ta gefen kafaɗarsa.

"Ka gani ko? Wata rana sai ka kai ni lahira da kayan mutane a hannu."

Ya duba madubi, ya ce, "Ke kika ja ni da surutu."

Ni ce na durƙusa ina tsintar maɓallai. Tun da na gama jami'a nake zaman jiran aiki, layinmu ya mai da ni 'yar aike, kuma gidansu katanga ɗaya ce tsakaninsa da namu.

Baba ya yi ƙuruciyarsa a gaban injin niƙa, har injin ya cinye masa kunne. Da ido yake ji, sai ya ga bakin mutum. Kullum da safe yakan goya Iya zuwa kasuwa, inda take sayar da zare da allura da maɓallai, da yamma ya ɗauko ta. Madubi ɗaya ne a kekensa, kuma ba titi yake kallo ba. Ya karkata shi ciki, daidai bakin Iya. Haka suke tafe, keken yana rangaji, ita tana zuba, shi yana amsawa da ƙarfi irin na wanda ba ya jin muryar kansa. Duk layin mun san ranar da ta ƙona tukunya, mun san surukar da ba ta gaishe su.

Da yamma ɗansu ya kira ni a waya. A wani gari yake aiki, Yaya nake ce masa.

"Ƙanwata, an ce sun sake faɗuwa."

"Kaɗan ne, Yaya."

"Faɗuwa tana da kaɗan? Ke ce mai karatu a layin nan, ki yi masa magana mana."

"Ai ba ya ji."

"Ki rubuta masa."

"Na rubuta. Ya ce tabaraunsa ya ɓata."

Ya ja dogon tsaki. "To ki gaya masa, in aka ƙara, zan zo in ɗauke keken nan. Ba zan zauna ina jiran a kira ni a ce mota ta bi ta kansu ba."

Ban iya gaya wa Baba ba. Sai na sayo madubi na biyu, na ja keken zuwa wurin mai gyara, aka ɗaura shi a hagu yana kallon titi. Na tsaya gaban Baba ina buɗe baki a hankali, kunya kamar in nutse.

"Wannan na mota ne. Ka ɗan duba, ka mai da ido gaba. Kafin ka juya, ka duba."

Ya yi ta gyaɗa kai. "Karatu ya yi rana," in ji shi.

Washegari suka wuce ni ina shara. Madubai biyun duk Iya suke kallo.

"'Yar boko!" Ya ƙwala min kira har da ɗaga hannu, keken ya yi wani layi. "Allah ya yi miki albarka! Da, in ta yi fushi sai ta koma hagu. Yanzu ba ta da wurin ɓuya!"

Na tsaya riƙe da tsintsiya, ban san lokacin da na jefar da ita ba.

Na samu Iya da la'asar tana ware zare. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na ce, "Iya, me zai hana ku riƙa yin hirar a gida? Ga tabarma, ga inuwa, ba mota."

Ta dube ni ta saman tabarau. "In zauna gabansa yana ƙura min ido kamar likitan haƙori? Ina haɗa ido da shi maganar take guduwa. Tun ina amarya haka nake. Ƙeyarsa na saba da ita."

"Amma Iya, titi…"

"Ke da ba kya iya kallon mai shago ki ce ya ba ki sabulu, ke ce za ki koya min?"

Na taya ta ware zaren.

Ba a yi nisa ba abin ya faru. Wata babbar mota ta biyo su a baya tana ta hon, Baba yana can yana musu a kan wanda ya bar famfo a buɗe, ya karya kwana ba tare da ya duba ba. Direban ya taka birki har taya ta yi hayaƙi, ya sauko yana zagi. Baba ya ba shi haƙuri, ya kuma ce masa ya rage gudu.

Ƙarshen mako Yaya ya iso. Bai zauna ba. Ya kwance tayar gaba, ya jefa ta a bayan motarsa, ya yi magana da wani mai tasi da zai riƙa kai Iya kasuwa. Baba yana tsaye yana kallon bakinsa, ya ce, "Ban gane ba." Ya gane sarai.

Daga ranar aikina ya ƙaru. Iya ta leƙo ta katanga: "Je ki ce masa ya sha maganinsa." In zagaya in faɗa. Shi kuma ya riƙe min gefen mayafi: "Me kuma ta ce?"

"Shi ke nan, Baba."

"Ƙarya kike. Matar nan ba ta taɓa faɗin magana ɗaya ta tsaya ba."

Suna tsakar gida ɗaya, tana iya miƙa hannu ta taɓa shi, amma sai an kira ni daga gidanmu. Wata rana na yi ƙarfin hali na kira Yaya, na ce ko zai dawo da tayar. Ya ce, "Gara su yi fushi da ni suna raye." Shi ma da gaskiyarsa.

Da damina ta kama, tari ya kama Baba. Aka kai shi asibiti, aka dawo da shi da leda cike da magani. Ba ya iya kwanciya sai ta gefen hagu, fuskarsa ga bango, in an juya shi numfashi ya gagara. Ya daina tambayata me ta ce.

Ran nan da azahar Iya ta kira ni. "'Yar boko, kwance min madubin nan ki kawo."

Keken yana jingine a soro, ƙura ta rufe shi. Noti ya yi tsatsa, na sha fama har na fasa farce. Da na shiga ɗakin, ta ja kujera ta zauna a bayansa, ta nuna min gefen gado.

"Riƙe masa. Ba nan ba, sama. Hannunki ba ƙashi ne? Karkato. Yawwa."

Na miƙa hannu tsakaninsa da bango. Idonsa ya yi yawo kaɗan a madubin, sannan ya tsaya a kan Iya.

"Kin rame," in ji shi. Ban taɓa jin muryarsa ƙasa haka ba.

Ta fara magana. Wannan karon babu murya, leɓɓanta kawai ke motsi. Na mai da idona kan labule. Sau ɗaya na ji ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Kafaɗata ta ƙage, yatsuna suka mutu, na canza hannu, ta harare ni don madubin ya motsa. A raina ina cewa wace irin magana ce wannan da ba ta ƙarewa.

Can na lura bargon ya daina ɗagawa. Na jira. Na sake jira.

"Iya," na ce. "Iya, ina jin Baba…"

"Na gani," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Riƙe dai. Ban gama ba."

Na tallafi gwiwar hannuna da ɗaya hannun. A waje aka fara yayyafi a kan kwano, leɓɓanta suna ta motsi.