Kakide a Cikin Fanka

Ramla ta dire kwamfutar a kan teburin Malam Misbahu da ƙarfi, har ƙananan kusoshin da ke cikin faranti suka yi tsalle. Ko sallama ba ta yi ba.

"Ina kwana, Malama Ramla? Ina gajiya?" in ji mai gyaran.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba. Saurara ka ji aikinka."

Ta danna maɓalli. Fankar ciki ta tashi da gurnani kamar injin markaɗe ya haɗiye tsakuwa. A kusurwar allo akwai 'yar lambar da ke nuna zafin na'ura, wadda shi Misbahu ya saka mata makon jiya da ya wanke fankar. Ya ce in ta ga kore lafiya lau, in ta ga ja ta kashe. Suna kallo lambar ta haura saba'in, ta wuce tamanin, ta yi jawur a casa'in da shida. Allon ya ɗauke.

"Ƙarfe goma sha biyu nake da jarrabawar neman aiki ta intanet," ta ce. "Awa guda ce. In ta mutu a tsakiya, shi ke nan, ba a sakewa. Shekara biyu ina jiran wannan rana! Yanzu sha ɗaya saura."

"Lafiya lau na ba ki ita."

"Lafiya lau? Ka cire fankata mai kyau ka sa mini ta bola. Ai an faɗa mini halinku!"

Ranar Talata ce, kasuwar Mafara ta cika, shagon kuma a bakin hanya yake. Wani mutumin Bakura da ya kawo gyaran waya ya juyo yana kallo. Mai sayar da lemo na gefe ya leƙo. Misbahu ya cire tabarau ya ajiye a hankali.

"Shekara goma sha ɗaya ina wanga aiki, ba a taɓa ce mini ɓarawo ba sai yau. Tsaya nan. Gabanki za ni buɗe ta."

Ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Yana ɗaga murfin, wani wari ya taso, warin da Ramla ta sani tun tana goye. Fukafukan fankar sun cuɗe da wani farin abu mai maiƙo, ƙura ta manne masa ta zama dunƙule, ta toshe ragar da iska ke fita. Misbahu ya lakato da tsinke ya shinshina.

"Kakide," ya ce. "Kitsen sa. Wa am mai yanka a gidanku?"

Mutumin Bakura ya tuntsire da dariya. "Ashe balangu anka gasa ciki!"

Ramla ta ji fuskarta ta ɗauki zafi. Duk Mafara an san Jatau mahauci, mahaifinta. An kuma san gwangwanin kakidensa, wanda yake shafa wa wuƙaƙe don kada su yi tsatsa, ya ɗiga wa sarƙar keke, ya ɗiga wa ƙyauren da ke kuka. A wurinsa duk ƙarfen da ya yi ƙara mai yake nema. Sai ta tuna ranar Asabar, da ya tsaya bakin ɗakinta ya kasa kunne ya ce, "Uwata, abin ga naki kuka yake yi." Uwata yake ce mata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta amsa masa da cewa haka fanka take, ta bar kwamfutar kan tabarma ta tafi islamiyya.

Haushin bai tafi ba, gida kawai ya sauya. Ta ji kamar ta ruga rumfar mahauta ta ƙwace gwangwanin nan ta jefa a kwata.

"Malam Misbahu," ta ce, idonta a ƙasa, "don Allah..."

"Da ƙarfi kinka ce ɓarawo. Haƙurin ma ki ba da shi da ƙarfi."

Ta ɗaga murya har mai lemo ya ji. "Na yi maka ƙazafi. Ka yafe mini."

Misbahu ya koma kan aikinsa. Ya ciro fankar, ya tsoma buroshi a sifirit ya wanke ta fiffike bayan fiffike, ya hure ragar, ya mayar. Sha biyu saura minti bakwai ya kunna. Lambar ta tsaya a arba'in da takwas, koriya shar. Ya share gefen teburinsa, ya tura mata kujera.

"Ba ki kai gida kan lokaci. Zauna nan ki yi. Kai kuma na Bakura, a rage dariya, jarrabawa ake."

Ta yi awa guda cur, ido ɗaya kan tambayoyi, ɗaya kan lambar. Ba ta wuce hamsin da biyar ba.

Da la'asar ta tarar da mahaifinta a tsakar gida yana wanke hannu, rigarsa duk jirwayen aikin kasuwa. Tun a hanya ta shirya maganganun da za ta faɗa masa, masu zafi, a jere. Ya ɗago da murmushi.

"Uwata, ya jarrabawa? Kunna ta in ji."

Ta kunna. Ya sunkuyo ya kara kunne, ya daɗe yana saurare.

"Kin ji ko? Tsit! Ban faɗa maki ba don kada ki hana. Cokali guda kawai na narka na ɗura mata. Su masu gyaran ga ba su san mai ba."

Ramla ta dubi hannuwansa, duk tabon wuƙa. Ta haɗiye abin da ta shirya.

"Ta yi shiru, Baba."

Ta shiga ɗaki, ta sa kwamfutar a akwatin ƙarfe, ta datse kwaɗo, ta ɗaure makullin a bakin zaninta.