Saura Kilomita Talatin da Takwas

Sifana bai taɓa ce wa kowa kekensa ya mutu ba. Shekara ashirin da bakwai yana gyaran keke a rumfa guda, kuma haka maigidansa ya koya masa: taya ta suɗe a sa wata, sarƙa ta saki a rage ta, gargaren taya ya karkace a miƙe shi. Ko a buhu aka kawo maka keke, abin da za ka ce shi ne, "Ba komai, a dawo jibi." Bakinsa ya saba da maganar har takan riga tunaninsa fita. Ita ce kuwa ta hana shi zama ranar Larabar nan.

Da hantsi Hedimasta ya turo kekensa ta lungun kasuwa, kamar yadda yake yi duk farkon wata. Tsoho ne da ya haura saba'in, shi ya koya wa Sifana karatu da rubutu kafin Sifana ya gudu daga aji huɗu, kuma har yau da ya ga hularsa sai ya ji ya miƙe tsaye. Keken baƙi ne, shekararsa talatin da ɗaya a hannun mutum guda. A gindin tayar gaba akwai wata 'yar mita mai lamba biyar, wadda wani ɗan ƙarfe a jikin sifok, wato wayar taya, ke bugawa duk zagaye, ƙas, ƙas, tana ƙirga tafiya.

"Duƙa ka karanta mini, in dai ba ka manta lissafi ba," in ji Hedimasta.

Sifana ya duƙa. "Dubu casa'in da tara da ɗari tara da sittin da biyu, Malam."

"Saura nawa dubu ɗari?"

"Talatin da takwas."

"Madalla. Ashe bulalata ba ta tafi a banza ba."

Sifana ya san tarihin wannan tafiya fiye da 'ya'yan tsohon. Tayar baya ba ta wuce kilomita dubu huɗu, ya sa fiye da ashirin. Sarƙa ya daina ƙirgawa. Sirdi uku, gargare biyar, birki kuwa ba adadi. Bodin nan kaɗai ne ya taho tun ranar farko. Yana cikin goge shi da tsumma ne farcensa ya maƙale a ƙarƙashin wuya, daidai inda ƙarfen gaba ya haɗu da na ƙasa. Ya sake bi da farce. Tsaguwa ce siririya kamar gashi, ta kusa zagaye ƙarfen, bakinta ya yi ja da tsatsa. Irin wannan wurin walda ba ta riƙe shi, kuma ba ya yin gargaɗi: rana ɗaya a kan rami ɗaya keken zai rabu biyu, mai shi ya ci ƙasa da fuska.

"Lafiya dai?" in ji Hedimasta.

"Ba komai, Malam."

Maganar ta fita ke nan. Ya ɗiga wa sarƙa mai, ya ƙara iska, tsohon ya karɓi abinsa ya tura ta cikin cunkoson lungu har ya ɓace.

Daga nan aiki ya ƙi. Ya yi wa wani tiyub faci a inda babu huji. Ya zubar da 'yan ƙwallayen boris a ƙasa, ya bi su da rarrafe yana tsaki. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa titi, ya dawo ya ɗauki filaya ya rasa abin da zai yi da ita. Tela, maƙwabcinsa wanda ba abin da ke wuce shi, ya ɗaga ƙafa daga kan keken ɗinki.

"Kai, yau kuɗin cizo ne a bencin naka?"

Sifana ya gaya masa.

"To me ya hana ka faɗa masa?"

"Ta yaya? Saura masa kwana uku ko huɗu ya cika abin da ya shekara talatin yana tarawa."

"Sai ka bari ya cika a gadon asibiti. Kai dai da bakinka za a yi wa faci da an huta." Tela ya ciji zare. "Ina yake bi in ya bar nan?"

Amsar ce ta ɗaga Sifana. Kowa ya san Hedimasta kullum sai ya je tsohuwar makarantarsa ya dawo, hanyar kuma ta gangaren gada take bi, inda kwalta ta farfashe, manyan motoci na saukowa da gudu. Ya cusa sifana biyu a aljihu don hannunsa bai iya fita ba su ba, ya haye keken wani mai burodi da aka bar masa gyara, ko rumfar bai rufe ba.

Keken mai burodin ba shi da birkin baya, kwandonsa kuma sai kaɗawa yake. Sifana ya ratsa tasha, ya kusa kwashe wata mai tallan lemo, ya sha zagi bai waiwaya ba. Duk inda ya hango mutane sun taru sai ya ɗauka Hedimasta ne ya faɗi. Taro na farko masu kallon faɗan direbobi ne. Na biyu layin famfo. Yana taka feda yana shirya abin da zai ce wa babbar 'yar tsohon, ma'aikaciyar jinya mai kaifin baki, wadda ta taɓa zuwa har rumfa ta ce masa, "Ran Baba a hannunka yake, ka sani." Tsoro yake ji, da kunya, da haushin kansa.

A saman gangaren ya hango baƙin keken. Yana tsaye a kan tayoyinsa, lafiya lau. Hedimasta na gefensa, hannu biyu a kan kan keken, yana tura shi a hankali ta bakin hanya, yana jingina nauyinsa a jiki duk taku. Fili ne fetal, ba cunkoso, ba hawa. Sifana ya diro yana haki.

"Malam, me ya samu keken?"

Tsohon ya dube shi, ya dubi hanya, ya ga ba wurin ɓuya. "Keken ba abin da ya same shi. Ni ne." Ya gyara hula. "Wata bakwai rabona da hawa. Jiri ke ɗibata. Na faɗi sau ɗaya a bayan makaranta, ba wanda ya gani."

Sifana ya dubi sarƙar. Wata bakwai ke nan bai ja sarƙar keken nan ba, ko ɗan sakin nan ba ta yi ba, shi kuwa yana ta yi wa Tela cika baki cewa sabon man da ya samo ne. Mai gyaran da ke karanta tafiyar mutum a haƙoran sarƙa, an tura keke a gabansa wata bakwai bai gane ba.

"Su a gida sun sani?"

"In sun sani ai sun kulle ni a ɗaki da kujera da rediyo. Ina fita da shi, su ɗauka hawa nake. Shi ke riƙe ni, ya fi sanda. Mitar kuma a tayar gaba take, ba ruwanta da ko kana sama ko kana ƙasa." Ya yi 'yar dariya. "Kada ka tona ni, ɗan aji huɗu."

Hankalin Sifana ya kwanta. Keken da ake turawa zai iya shekara goma da wannan tsaguwa. Ba sai ya ce komai ba. Har ya fara juya keken mai burodi.

"Amma na ƙarshen zan hau," in ji Hedimasta. "Na lissafa. Ranar Asabar kilomita na ƙarshe zai faɗo daidai nan. Gangare ne, ba sai na taka da ƙarfi ba. In hau daga wannan turken in sauka a gada, lambobin su koma sifili ina kan sirdi. Shi ya sa na kawo maka shi yau. Tunda ka ce ba komai, hankalina ya kwanta."

Wata tirela ta wuce, ta faɗa ramin tsakiyar gangaren, ƙarar ta cika wurin. Sifana ya ji tsohuwar maganar tana tasowa a maƙogwaronsa, ya haɗiye ta. Ya kama hannun malaminsa, abin da bai taɓa yi ba, ya kai yatsansa ƙarƙashin wuyan keken, ya bi da shi a kan tsaguwar tun daga farko har ƙarshe.

"Ƙarya na yi maka da safe, Malam. Keken nan ya gama. Ba zai ƙara ɗaukar mutum ba."

"Walda fa?"

"Ba ta riƙe nan."

"Kilomita ɗaya tak."

"Ko taku goma ban yarda ba." Sifana ya nuna mitar. "In kana so in cire mitar in ɗaura a wani keken, ka hau ina riƙe da kai."

"Mitar ce ta yi tafiyar?" in ji tsohon da zafi.

Hedimasta ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa, leɓensa na motsi. Bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi yi wa Sifana ciwo. Can ya ce, "In ka bar mini shi haka, ranar Asabar zan hau. Na san halina."

Sifana ya durƙusa a bakin kwalta, ya zaro sifana daga aljihu, ya sa a fedar dama. Shekara da shekaru ta kama, ta ƙi motsi, keken na ta zillewa.

"Tsaya," in ji Hedimasta. Ya matse birki biyu, ya tokare tayar baya da ƙafa. "Yanzu murɗa."

Fedar ta yi ƙara ta saki. Sifana ya zagaya ya cire ta hagun, ya miƙe da su a hannu, ya rasa inda zai kalla.

"Riƙe su a wurinka," in ji tsohon. "Ko na zo na roƙe ka, kada ka ba ni."

Ya saki birki, ya jingina a kan keken, ya fara gangarawa a ƙafa.