Hannun Tukur a Fuskar Surukinsa

A daminar da ta biyo bayan samun 'yancin kai, Tukur ya zo hutu Ikara daga Zariya, inda yake koyon aikin sa majinyata barci kafin a yi musu tiyata. Bai gama koyo ba. A aljihunsa akwai wani ɗan littafi da ake ba masu koyo, mai bayani a taƙaice: yadda ake ɗiga magani, yadda ake sauraren numfashi, abin da za a yi in harshe ya koma baya. Abokansa har tsokanarsa suke yi, wai ya fi riƙe shi da alwala.

Tukur yana auren Rahmatu, 'yar Malam Dalhatu na Furana. Wanda ya san mutanen Furana na lokacin ya san ba sa wasa da kunyar surukuta, Malam Dalhatu kuwa ya fi kowa tsanani. Tun da aka ɗaura auren bai taɓa kiran sunan Tukur ba, sai dai "mijin yarinyar nan". In Tukur ya je gaisuwa, daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, kansa a ƙasa, tsohon ya amsa yana kallon bango. Da za a ce Tukur ya faɗi kamannin surukinsa, da sai ya tsaya a gemu.

Wata ranar kasuwa da hantsi aka kawo Malam Dalhatu ɗakin shan magani na Ikara a kan amalanken shanu. Ƙaba ce da ya daɗe yana ɓoyewa ta murɗe, yana ta amai, ciki ya kumbura. Allah ya sa likita mai zagaye yana gari, ruwa ya cinye hanyar Zariya ya tsare shi. Ya duba, ya ce in ba a yi aiki yau ba, gobe sai dai jana'iza. Kayan aiki yana da su, kwalbar maganin shaƙa ma tana nan, amma mai ba da maganin ya maƙale a ƙetaren ruwa. Sai Lantana, ma'aikaciyar jinya, ta tuna Tukur yana gari.

Da Tukur ya iso ya ji ko wane ne a kwance, sai ya tsaya a bakin ƙofa. Malam Dalhatu kuwa da ƙanensa Mamuda ya gaya masa wanda zai sa shi barci, ya juya fuska bango ya ce a mayar da shi gida. Ya taɓa jin labarin maganin nan. Ya san kafin barci ya yi nauyi mutum yakan yi sambatu, ya yi kokawa, ya faɗi abin da ko matarsa ba ta taɓa ji ba. Ga kuma wurin da ciwon yake. Ya ce gara a binne shi da mutuncinsa.

Likitan ba ɗan ƙasar nan ba ne, ya kasa gane me ake ja. Ya ce da Tukur lokaci yana tafiya, hanji ba ya jiran kowa. Mamuda ya yi lallashi, ya kawo aya, ya kawo hadisi, tsohon ko motsi. Rahmatu tana waje a gindin darbejiya, ba ta da bakin magana a wannan sha'ani, kuka kawai take yi. Ni dai ban ga laifin kowa ba a ranar, amma haushin taurin kan tsohon nan ya kama duk wanda yake wurin.

Tukur ya fita bayan ɗaki ya buɗe ɗan littafinsa, ba don bai san abin da ke ciki ba, sai don hannunsa ya sami abin riƙewa. Shafin ya ce a riƙe muƙamuƙin majinyaci a ɗaga haɓarsa. Ya ce a ɗaga fatar ido a duba ƙwayar, kada a ɗauke kai daga fuskarsa ko na ɗan lokaci. Wanda ya rubuta littafin bai san akwai fuskar da ba a kallo ba. Tukur ya ji tsoro ƙwarai, tsoron ya kashe mutum da hannunsa, da tsoron ya bar shi ya mutu saboda kunya.

Ya koma ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya durƙusa a gefen gado, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa surukinsa magana kai tsaye.

"Baba, zan taɓa fuskarka, zan kalli idonka, babu yadda zan yi aikin nan ban yi haka ba. Za a sa labule daga ƙirjinka, ba zan ga komai a ƙasa ba. Abin da kunnena ya ji kuwa, na ɗauki alkawari tsakanina da Allah, da shi za a binne ni."

Can tsohon ya yi magana, ba da Tukur ba, da ƙanensa.

"Mamuda, ka ce masa ya bari in yi kalmar shahada tukuna."

Aka rataya zanen gado a tsakani. Tukur ya kifa ɗan murfin ragar ƙarfe mai ƙyalle a hancin tsohon, ya fara ɗiga magani, warinsa ya cika ɗakin. Da sambatu ya taso, Lantana ta danne kafaɗu, Tukur ya sunkuya ya kai kunnensa dab da bakin tsohon kamar mai sauraren numfashi, har muryar ba ta wuce shi ba. Abin da Malam Dalhatu ya faɗa, ni ma ban sani ba. Daga nan jiki ya saki. Tukur ya ɗaga fatar idon, ya ga idon surukinsa karo na farko, jajaye, da tabon hakiya a gefe. Sau ɗaya numfashi ya sarƙe, leɓe ya fara baƙi, Tukur ya janye maganin ya tura muƙamuƙi gaba har iska ta wuce. Kafin la'asar likita ya ɗinke.

Malam Dalhatu ya warke, ya koma gonarsa. Amma bai yi godiya ba, kuma kunyar sai ta ninka. Ko gaisuwar zaure ya daina fitowa, sai dai ya aiko a ce ya amsa. Abin ya yi wa Tukur ciwo, bai ɓoye ba. Rahmatu ta sha tambayarsa ko mahaifinta ya ce wani abu a ranar, shi kuwa ya ce barci kawai ya yi. Haka shekaru suka tura, Tukur ya gama koyo, har ya fara koya wa wasu.

Ranar da Malam Dalhatu ya rasu, Tukur ya zo Furana ya zauna can ƙarshen tabarma, inda surukai suke zama. Manyan 'ya'ya da limamin gari suna shirin shiga wankan gawa, sai Mamuda ya tsayar da su, ya ratso mutane har gaban Tukur.

"Taso, kai za ka yi masa wanka. Wasiyyarsa ke nan. Ya ce a duk faɗin ƙasar nan, Tukur kaɗai ya gwada ya ga yana iya rufa asiri."

Tukur ya ɗago kai ya tambaya ko da bakinsa tsohon ya kira sunan.

"Da bakinsa," in ji Mamuda.